Yayana Ya Sayi Ƙarshen Fim Ɗina

"Ba zan canza ba! Wallahi ko harafi ɗaya ba zan canza ba!"

Na buga teburin ɗakin tace hoto har kofin shayin Mai Kyamara ya yi tsalle.

Ya ɗago ya dube ni. Ɗan ajinmu ne, shekara biyu muna soyayya, kuma tun da ya fara yawo da kyamarar aro a wuya aka manta sunansa na yanka.

"Darakta, zauna mana..."

"Ba zan zauna ba!"

Gajeren fim ne na soyayya da barkwanci, aikinmu na kammala karatu. Yarinya da saurayi ne suka haɗu suna faɗa a kan injin kwafi da ya cinye musu takardu. Kowa a ajin ya san labarinmu ne na yi wa kwaskwarima. Kuɗin hayar fitilu da na'urar sauti ne ba mu da su, sai muka buɗe shafin neman gudummawa a intanet. Naira dubu ɗari biyar muke nema cikin kwana talatin, in ba su cika ba shafin ya mayar wa kowa nasa.

Ni na rubuta tukuicin masu gudummawa da hannuna. Mai dubu ɗaya, sunansa zai fito a fim. Mai dubu biyar, riga. Can ƙasa kuma, muna ta shewa, na ƙara da cewa duk wanda ya ba da dubu ɗari biyu shi zai zaɓi yadda fim ɗin zai ƙare. Wa muke tsammani? Ɗaliban da ke raba burodi ɗaya su uku?

Yayana ya bayar.

Yaya shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba, da shagonsa na gilashin tagogi ya biya min makaranta, kuma ya sha rantsuwa ba zai ba mai kyamarar aro ƙanwarsa ba. 'Yar Kwalliya ce ta tura masa shafin, wata 'yar ajinmu da muka hana fitowa jaruma, wadda dama idonta ya daɗe a kan Mai Kyamara.

Saƙonsa layi ɗaya ne, a fili inda kowa zai karanta: "Yarinyar ta rabu da shi, ta koma gida ta ji maganar manya."

"Abar ƙaunata, fim ne fa," in ji Mai Kyamara a hankali. "Da kuɗinsa mun cika cif. Mu ɗauka yadda ya ce, mu samu makinmu, mu fita..."

"Fim ne?"

"Mun yi alkawari a shafi, kowa ya gani."

"Kai za ka riƙe kyamara kana ɗaukar yadda aka raba mu? Har ka ce a sake, bai yi kyau ba?"

"Ba haka nake nufi ba..."

"To me kake nufi?"

Ya ɗaga kafaɗa.

Hakan ya fi komai ƙona min rai. Na jawo kwamfutar, na danna wurin mayar da kuɗi, ina kallon idonsa. Dubu ɗari biyu suka fice, saura kwana huɗu a rufe shafin.

Ya ɗauki jakarsa ya fita, ko ƙofar bai ja ba.

Kwana uku bai kira ba, ni ma na ƙi kira. Na yi bidiyo na faɗa wa masu gudummawa gaskiya: na yi wauta na sa ƙarshen labarina a kasuwa, yanzu na janye shi. Aka yi ta turowa. Mai shagon kwafi ya ba da dubu uku, ya ce a nuna injinsa da kyau. Malamarmu ta ba da dubu goma. Ina dariya a gaban mutane, amma tsoro nake ji. Fim ɗin bai dame ni kamar tunanin cewa na so mutumin da za a iya saye ba.

Ƙarfe huɗu na yammacin ranar ƙarshe shafin ya rufe a dubu ɗari huɗu da talatin.

Kowa aka mayar masa nasa.

Na yi kukana na minti biyar a banɗakin makaranta, na wanke fuska, na nufi shagon Yaya. So nake ya ji daga bakina.

A bakin ƙofa na ja birki.

Mai Kyamara ne tsaye cikin ƙurar shagon, ya tallafe gefen wani faffaɗan gilashi, Yaya na jan layi da abin yanka. Yatsunsa biyu naɗe da filasta.

"Me kake yi a nan?"

"Kwana uku ina zuwa," ya ce. "Yau ne ya amsa gaisuwata."

"Riƙe da kyau, malam!" Yaya ya daka masa tsawa. Ya ɓalle gilashin, ya jingine, sannan ya juyo gare ni. "Ke ce kika mayar min da kuɗina?"

"Ni ce."

"Kin san nawa ne?"

"Na sani, Yaya. Na san gilashi nawa ka yanka kafin ka tara su. Ka ci da ni, ka sha da ni, ba zan taɓa iya biyanka ba. Amma wannan ban sayar ba!"

"Fim ɗin fa?"

"Kuɗin ba su cika ba. Da waya za mu ɗauka, da fitilar ɗakin karatu. Ko makin ya zube, ya zube."

Na faɗa ban sunkuyar da kai ba.

Mai Kyamara ya share hannu a wandonsa, ya matso kusa da ni.

"Yaya, ni na ce mata mu karɓa. Na yi kuskure, kunya ce ta hana ni kiranta. Ba ni da shago, kyamarar ma ka san ta aro ce. Amma wancan ƙarshen ba zan ɗauke shi ba, a fim ko a waje. Ina son ta. In shekara zan yi ina riƙe maka gilashi, zan yi."

Ya juyo gare ni. "Ki yafe min, Daraktata..."

Hawayen da na wanke suka dawo. Na harare shi, na gyaɗa kai.

Yaya ya daɗe yana kallonmu. Ya ja tsaki, ya cusa abin awo a aljihu.

"Taurin kan Baba ne sak, ba ki bar komai ba." Ya nuna Mai Kyamara da yatsa. "Kai kuma, Asabar ka zo gida. Da kawunka za ka zo, ba da kyamara ba."

Na dafe ƙirji. "Yaya... ƙarshen fim ɗin fa?"

Ya sunkuya ya ɗauko wani gilashin.

"Ba kin mayar min da kuɗina ba? Ina ruwana!"