Farin Gurbi A Shafin Ƙarshe

"Kalli tsakiyar idona, Hazim! Kalle ni ka ce ƙarya ne!"

Nirmin ta maka takardar tallar a kan teburinsa da ƙarfin da sai da kwalbar tawada ta yi rawa. A dama ga Mai Fitila, a hagu ga Tagulla, sun juya wa juna baya, a ƙasansu kuma an rubuta da jan rubutu: ƊAYANSU BA ZAI TASHI BA.

Hazim ya ajiye alƙalaminsa a hankali.

"Habibti, zauna mu yi magana..."

"Kada ka sake ce mini habibti!"

Duk masu zane da ke ofishin suka sunkuyar da kai, kowa ya zama mai himmar aiki, kunnuwa dai a miƙe.

Mai Fitila jarumin littafin zane ne da mahaifinta, marigayi Ustaz Wagdi, ya ƙirƙiro tun ba a haife ta ba. Dattijo ne mai jallabiya, yana yawo a lungunan unguwar Sayyida Zainab da fitilar tagulla irin ta watan azumi, duk azzalumin da haskenta ya taɓa sai asirinsa ya tonu. Tun rasuwar Ustaz, Nirmin ce ke zana shi. Tagulla kuwa na Hazim ne, saurayi ɗan kasuwar maƙera mai jikin jan ƙarfe, wanda yanzu babu yaron Alƙahira da bai da rigar hotonsa. Da Ustaz Midhat mai kamfani ya ce za a haɗa jaruman biyu a labari ɗaya, Nirmin har guɗa ta so yi, don ita da Hazim an riga an sa ranar da iyaye za su zauna a karanta Fatihar baikonsu. Sai yau da safe Shahinda, editar kamfanin, ta tare ta a bakin matattakala ta gaya mata sauran zancen: takarda ta yi tsada, mujalla ɗaya kaɗai za a ci gaba da bugawa, jarumin da ya mutu a ƙarshen labarin tasa ce za a rufe.

Kuma Hazim ne ke rubuta labarin.

"Ka san da wannan sharaɗin?" ta tambaye shi.

"Na sani."

"Ka kuma yarda?"

"Na yarda, Nirmin. Amma ki ba ni lokaci zuwa shafin ƙarshe, don Allah."

Ta yi wata dariya mara daɗi.

"Shafin ƙarshe? In zauna in jira ka gama wasa wuƙarka ke nan? Wa zai kashe Tagulla ya bar tsoho mai fitila? Ka ɗauke ni sakarya?"

"Ban taɓa ba, hasken idona."

"Mahaifina ya mutu sau ɗaya, Hazim. Ban san kai ne za ka yi na biyun ba..."

Ta kwashi alƙalumanta ta fice. A bakin ƙofa Shahinda na tsaye da kofin shayi, fuskar nan cike da tausayi irin na wanda ya ga gobara a gidan maƙiyinsa.

Madam Afaf, mahaifiyar Nirmin, tana naɗa shinkafa a ganyen inabi, abincin da suke kira mahshi, a kicin lokacin da labarin ya same ta. Dama can ba ta taɓa ƙaunar Hazim ba. Ta ce farcensa baƙi, gashinsa kamar wanda ya yi faɗa da fanka, kuma mutumin da jaruminsa ke rushe benaye don ya ceci mage ba zai iya riƙe gida ba.

"Ban gaya miki ba? Tun ranar da ya ci mahshina bai ce a ƙara masa ba na san ba mutumin kirki ba ne!"

"Mama, don Allah..."

"Babu wata Fatiha! In ya tako benen nan, da wannan tukunyar zan karɓe shi!"

Nirmin ta shige ɗakin mahaifinta ta rufe ƙofa. Teburinsa na nan yadda ya bar shi, da tabon kofin shayi a gefe. Ta kifa kai a kai ta yi kuka mai isarta. Abin da ya fi ƙona mata rai, har yanzu tana son yaron nan, so irin wanda fushi ba ya kashewa.

Aiki kuwa bai tsaya ba, don an riga an sanar littafin zai fito a bikin littattafan zane na bana. Yadda suke yi shi ne, kowane shafi Hazim ne ke fara taɓa shi. Ya zana Tagulla, ya zana tituna da benaye da sararin sama, sannan ya bar farin gurbi daidai inda Mai Fitila zai tsaya, ita ta cike. Dokar Ustaz Wagdi ce tun yana raye: babu hannun da zai zana Mai Fitila sai na ɗan gida. Ko inuwarsa Hazim bai taɓa zanawa ba.

Yanzu da ta daina zuwa ofis, sai ya riƙa kawo shafukan ya bar wa Amm Girgis mai gadin bene, shi kuma ya hawo da su yana haki yana ƙorafin gwiwa.

Ta cike gurbin da Mai Fitila ya haɗu da Tagulla a kan gadar Kasr el-Nil. Ta cike wanda suka yi faɗa da juna kafin su gane maƙiyinsu ɗaya ne, wani mugu mai haɗiye hasken gari. Sai aka zo shafin da mugun ya tarwatsa fitilar dattijon, gilashi da tagulla suka watse a titi. Da hannunta ta zana tsohon a durƙushe yana tattara ɓaraguzan.

Ranar ko abinci ba ta ci ba.

Washegari da la'asar sai ga Shahinda da faranti na basbusa, wani kek mai zaƙi, ƙamshin turarenta ya riga ta shiga falo.

"Wayyo Nirmin, kin rame! Wallahi tausayinki ya hana ni sukuni." Ta zauna ta ɗora ƙafa kan ƙafa. "Shafi ɗaya ya rage. Me zai sa ki azabtar da kanki? Ki ce kin janye kawai, in sa wani a ofis ya cike gurbin. Ba sai kin sake ganin Hazim ba ma. Shi ma kin ga ya huta, ni zan kula da... aikin nasa."

Nirmin ta sunkuyar da kai. Gaskiya maganar ta shige ta, don ba ta jin hannunta zai iya.

"To... wataƙila hakan..."

"Wataƙila me?"

Madam Afaf ce a ƙofar kicin, ludayi a hannu.

"Ke yarinya, wani ne zai zana mijina? Wani can daga titi?"

"Tant, ai zane ne kawai..." in ji Shahinda, tana kiranta yadda ake kiran gwaggo a Alƙahira.

"Zane ne a wurinki! Ni da kuɗin zanen nan aka saya mini wannan kujerar da kike kai!" Ta juya ga 'yarta, idonta ya kaɗa. "Idan binne shi za a yi, 'yarsa ce za ta yi masa sutura. Ke kuma ɗauki basbusarki, ta yi zaƙi da yawa, kamar bakinki."

Shahinda ta fita ko sallama babu.

Shafin ƙarshe bai biyo ta hannun Amm Girgis ba. Da hantsi aka ƙwanƙwasa, Madam Afaf ta buɗe ƙofar iya tsawon sarƙa, sai ga Hazim, ido ya faɗa, ya rungume jakar kwali a ƙirji.

"Barka da safiya, Tant Afaf."

"Da ban gan ka ba, da ta yi kyau. Miƙo ka tafi."

"Bar shi ya shigo, Mama," in ji Nirmin daga ciki. "Ina so ya tsaya ya ga abin da ya sa ni yi."

Ya shigo ya ɗora shafin a kan teburin Ustaz. Nirmin ta ja dogon numfashi, ta yi bisimilla, ta ɗage takardar da ke rufe da shi. Idonta ya tafi kai tsaye ƙasan shafin, inda ta san za ta ga farin gurbi a kwance.

Babu gurbi a wurin.

Tagulla ne a kwance.

Ƙirjinsa a buɗe, ya ciro zuciyarsa ta jan ƙarfe da hannunsa ya ɗaga ta sama, fuskarsa da murmushi, jikinsa duk ya dushe. Kansa kuwa ba a ƙasa yake ba, yana tallafe a kan wani farin wuri da ba a zana komai ba. Ta bi farin da ido. Siffar mutum ce a durƙushe, hannu ɗaya ƙarƙashin kan yaron, ɗayan a miƙe zai karɓi zuciyar. A samansa an bar wani ƙaramin gurbi mai siffar fitila, haske na fita daga gare shi ya game dukan Alƙahira.

Ta ja kujera ta zauna.

"Hazim... me ka yi?"

"Fitilarsa ta fashe, yana buƙatar sabuwar tagulla." Ya ɗan sosa ƙeya. "Nawa yaron kuma ita ce da shi."

"Mujallarka fa? Shekarun da ka yi kana gina shi? Kai mahaukaci ne?!"

"Haka Ustaz Midhat ya ce jiya. Ya yi ihu har sai da aka kawo masa ruwan sukari. Amma a gaban mutane ya yi mini alkawarin ƙarshen labari nawa ne. Da ya huce kuma ya lissafa cewa duk yaron da ke son Tagulla zai bi zuciyarsa zuwa cikin fitilar, sai ya sumbaci goshina."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba? Ka bar ni ina zaginka!"

"Da Shahinda ta ji, da ta zuga shi ya hana tun kafin in zana. Ke kuma, habibti, fuskarki ba ta iya ɓoye ko farashin tumatir." Ya yi murmushi. "Kuma da kin sani ba za ki yarda ba."

Gaskiya ne, ba za ta yarda ba. Hawaye suka ɓalle mata, wannan karon masu sanyi. Godiya ta cika mata ƙirji har ta rasa ta inda za ta fara, ga kunyar maganar da ta yaɓa masa a gaban mutane.

"Na ce kai ne za ka kashe shi na biyu... Ka yafe mini, Hazim. Na gode. Wallahi na gode, ban san da bakin da zan..."

"Ni ne mai godiya." Ya dubi hoton Ustaz da ke bango. "Ina ƙarami babana ya kai ni wajen masu tsofaffin littattafai a Azbakiyya, muka tarar da Ustaz Wagdi. Ba mu da takarda, sai ya zana mini fitilar nan a tafin hannu. Na ƙi wanke hannun har sai da mamata ta haɗa da silifa. A littafinsa na koyi karatu, Nirmin. Da babu Mai Fitila, da babu Tagulla. Ta yaya ɗa zai binne uban da ke da sauran tafiya?"

Madam Afaf, wadda tun ɗazu take leƙen shafin ta bayan kafaɗarsu, ta ja hanci da ƙarfi.

"Albasa ce," ta ce, ko da yake babu wanda ya tambaye ta. "To yanzu da ka kashe abin cin abincinka, da me za ka riƙe mini 'ya?"

"Zan rubuta wa Mai Fitila labari, Tant, in zana masa tituna. Ita ta zana shi."

Tsohuwar ta juya ta shige ɗakinta.

Nirmin ta share ido ta ɗauki fensir. Ta zana jallabiyar, ta zana hannun da ke tallafe da kan yaron, ta zana fuskar dattijon, kuma ba ta san lokacin da ta ba shi idanun mahaifinta ba. Hazim na tsaye a gefe, ko motsin kirki ba ya yi. Da ta iso gurbin fitilar, sai ta ji an riƙe mata wuyan hannu.

Mama ce. A ɗaya hannun tana riƙe da tsohon alƙalamin Ustaz Wagdi, wanda ta ɓoye a cikin akwatin gwala-gwalanta tun ranar rasuwarsa, ko Nirmin ba ta bari ta taɓa.

Ta miƙa wa Hazim.

Ya ja da baya kamar an miƙo masa garwashi.

"Tant... ai doka ce. Sai ɗan gida."

"Ni za ka koya wa dokar mijina?" Ta danƙa masa alƙalamin a tafin hannu, ta naɗe yatsunsa a kai. "Zauna ka zana. Ranar Juma'a ka zo da babanka, ka kuma kankare wannan farcen kafin ka ci mini mahshi."

Hazim ya zauna a kujerar Ustaz. Mutumin da ya zana benaye suna rugujewa ba tare da layinsa ya karkace ba, yau ya riƙe alƙalamin ya rasa ta inda zai fara.

Nirmin ta matso, ta ɗora hannunta a kan nasa.

"A hankali, habibi," ta ce. "Daga mariƙin fitilar ake farawa. Haka Baba ya koya mini."