Takardar Da Ta Bi Ruwa

Jikokina, a shekarun baya, lokacin da keke ɗaya kan ishi gida guda, an yi wata yarinya da ake kira Auta. Kullum yayanta ke goya ta a keke zuwa makaranta, tana riƙe da rigarsa.

Wata rana aka yi wa 'yan ajinsu allurar rigakafi. Nas ta ba kowa takarda ya kai wa iyaye. Ta ce a ciki an rubuta abin da za a yi idan gaɓoɓi suka yi ciwo.

A hanya aka tsuge da ruwa. Auta ta naɗe takardar ta yi jirgi, ta saka a kwata. Ya yi gudu kuwa, har ya ɓace. A gida ko maganar allura ba ta yi ba.

Bayan mako biyu ta tashi gwiwoyinta sun kumbura. Mama ta taɓa ta ji zafi, ta ce, "Daga keken nan kika faɗo, ko?"

Auta ta tuna jirginta. Ta ji tsoron faɗa, sai ta gyaɗa kai.

Yaya ya ce shi bai taɓa kayar da ita ba. Baba bai saurara ba. Ya rataye keken a bango, ya ce an gama hawa. Ta taga Auta ta hango Yaya yana tafiya makaranta a ƙasa, kansa a sunkuye. Wannan ya fi gwiwar yi mata ciwo.

A asibiti Nas ta duba, ta ce, "Faɗuwa ba ko ƙwarzane? 'Yata, ina takardar da na ba ki?"

"Ta bi ruwa," in ji Auta. Ta fashe da kuka, ta faɗi komai.

Nas ta gaya wa Baba cewa jefi-jefi rigakafin kan kumbura gaɓoɓi, amma kumburin yakan wuce, kariyar kuma ta zauna. Ta ba da magani, ta ce a dawo in bai sauka ba.

Baba da kansa ya sauko da keken, ya ba Yaya haƙuri. Auta ma ta roƙi gafara.

"Na yafe, direbar jirgi," in ji Yaya.

Kwana biyar kumburi ya sauka, ta koma riƙe rigarsa. Yau ta yi furfura, Yaya bai daina kiranta da sunan ba.

Jikokina, saƙo amana ne, ku kai shi. In jikinku ya canza bayan allura, ku faɗi gaskiya, kada ƙaryarku ta faɗa kan wani.