Sakatar Gidan Katanga

Na gaji da ba da labarin nan, Allah ya sani. Amma duk ran da na ga matashi ya rataya takalmin ƙwallo a wuya yana rantsuwa ko ta halin ƙaƙa sai ya yi suna, sai bakina ya ƙi rufuwa. To ku gyara zama ku ji yadda ta ƙare da mutumin da ake ce wa Katanga.

Mai tsaron baya ne a wani ƙaramin kulob. Ba laifi a wasansa, sai dai shekaru sun fara cin gwiwarsa, yara sabbin jini suna wuce shi kamar an kafa turke. Ya gaji da ɗumama benci, ya gaji da ɗakunan haya biyu da yake cushe a ciki da matarsa da ɗansu da tsohuwarsa. Wata rana mai tausar 'yan wasa yana murza masa gwiwa ya ce ƙasa-ƙasa, "Ɗan'uwa, wannan ƙafar ta gama yayinta. Amma na san mai gyara abin da man zafi ba ya gyarawa."

Da rana tsaka suka je, bayan wani shagon masu faci. Ɗakin ba taga, ƙarni ne ya fara yi musu maraba. An lulluɓe rufin da yagaggun ragogin ƙwallo, a jikinsu an rataye takalma wari-wari, babu mai ɗan'uwa. A tsakiya ga wata tukunya baƙa ƙirin, bakinta ya yi kauri da busasshen jini, gefenta kasko cike da garwashi. Bokan ɗan tsamurmurin mutum ne, yana zaune a kan tsohuwar taya, bai ko ɗaga kai ba.

"Me ke tafe da kai?"

"So nake kada wani abu ya ƙara wuce ni a fili, ko mutum ko ƙwallo," in ji Katanga. "Da kuma arzikin da ke biyo bayan haka."

"Mai sauƙi. Kawo ƙasar gaban ragarku, da igiyar takalminka na dama, da sakatar ƙofar gidanka."

Katanga ya ce, "Ranka ya daɗe, ni fa ba zan ba da jinin kowa ba."

"Ka ji na ambaci jini? Sakata na ce. Sai dai ka sani, mutum ɗaya ba ya tsare ƙofa biyu. Abin da ka tare can ba ɓacewa yake yi ba, hanya yake sakewa."

"Sakata ai ba ta ƙare wa kafintoci ba," Katanga ya faɗa yana murmushin yaƙe.

"To ka ga ban tsawwala maka ba."

Kunnensa ya ji gargaɗin sarai, zuciyar ce ta yi nisa. Washegari ya kwance sakatar ya kai. Boka ya gasa ta har ta yi jajir, ya tsoma a tukunyar, wani hayaƙi mai warin ƙonannen gashi ya turnuƙe ɗakin. Ya naɗe ta da igiyar takalmin, ya binne a ƙasar da aka kawo, sannan ya sa Katanga ya tsaya a bakin ƙofa ya ware ƙafafu ya ce, "Na karɓa." Nan take gwiwar ta daina ciwo.

Aiki kuwa ya ci. Ɗan wasan gaba zai taho a guje, yana isowa gabansa sai ƙafa ta harɗe. Ƙwallon da ya nufi raga sai ya lanƙwaso ya daki ƙirjinsa. Manyan kulob suka yi ta rububinsa, ya ƙetare ruwa ya dawo, ya gina gida mai bene a bakin babban titi, motoci har ba wurin ajiyewa. Abu ɗaya ne ya gagara: ƙofar gidan ba ta riƙe sakata. Kafinta zai kafa sabuwa yau, gobe a tsince ta a ƙasa da kusoshinta. Suka canza ƙofar, suka sa ta ƙarfe, duk kanwar ja ce.

Ran da ya cire ƙwallo daga kan layin raga suka ɗauki kofi, ran nan tsohuwarsa ta faɗi a tsakar gida, ba ta ƙara tashi ba. Aka ce tsufa ne. Da ya lashe kyautar gwarzon mai tsaron baya, yana sauka daga jirgi aka tare shi da rasuwar ɗansa, yaron da ko ciwon kai bai kwana da shi ba. Aka ce kwana ne ya ƙare. Matarsa kuwa tun daga zaman makokin ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a bayan ƙofar, ta jingina bayanta tana dannewa, wai ana turowa daga waje. Abinci sai an ɗura mata. Ƙarshe 'yan'uwanta suka zo suka tafi da ita a ɗaure, ta bar masa 'yar autarsu tana rarrafe.

Katanga ya rataye takalmi, ya zama koci, yana zaton ya tsira tunda ƙafarsa ta bar fili. Ya koya wa yaransa yadda ake tsayuwa, yadda ake karanta kafaɗar abokin gaba, yadda ake jefa jiki gaban ƙwallo. Suka shekara da ƙyar ake zura musu. Sai ga Auta tana ramewa, duk wasan da suka tashi ba a ci su ba sai ta kwana cikin zazzaɓi. Ya koma bayan shagon masu faci, a gajiye, ba ko sallama.

"Na bar wasa. Me kuma ake bi na?"

Boka ya ce, "Yaran naka da ƙafar wa suke tarewa?"

"To ba ni sakatata."

"Tsatsa ta cinye ta tuntuni. In kana son 'yarka, kada ka ƙara tare komai."

Ya ajiye aikin koci a ranar. Ya kwashe ƙwallaye da rigunan wasa ya rabar, ya zauna a gida shi da Auta, ita kuwa ta murmure har ta yi kumatu. Ba ya son komai a duniya sai ya ga ta girma. Ƙwallo ɗaya kawai ya manta, na wasan kofin nan, yana cikin kabad ɗin gilashi tare da lambobin yabo.

Wata safiya yana zaune a kan kujera kusa da ƙofa sai ya ji muryarta. "Baba, tare!" Ta samo ƙwallon, ta buga da 'yar ƙafarta, ga shi yana gangarowa wajensa a hankali. Ƙafarsa ta dama ta miƙe da kanta, kamar yadda ta saba tun yana saurayi. Sai maganar boka ta faɗo masa. Ya janye ƙafar. Karon farko ke nan a rayuwarsa da ya kauce wa ƙwallo da gangan.

Ƙwallon ya wuce shi, ya bugi ƙofar da ba ta da sakata, ta buɗe. Auta ta bi abinta da gudu tana dariya. Kafin gwiwar nan tasa, wadda ciwonta ya dawo mata a wannan lokacin, ta ɗaga shi daga kujera, ya ji ƙarar birki a titi.

Gidan yana nan har yau, gilasai sun farfashe, ciyawa ta cinye wurin ajiye motoci. In ka bi ta wurin za ka ga wani dattijo cikin tsumma a bakin ƙofa, ya ware ƙafafu ya buɗe hannuwa, yana tare duk abin da ya gifta, ko akuya ce ko leda. Babu kowa a bayansa da zai tsare.

Shi ya sa nake gaya muku, ku masu gaggawa: kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Boka ba ya ba da kyauta, kuma in ya nemi abu ƙarami, ka tabbata babban yana ɗaure a jikinsa. Gara ka tsufa a benci ka koma gida ka tarar da masu yi maka sannu da zuwa.