Ranar da Baba Ya Shiga Kasuwa

Auta na zaune a tsakar gidan iyayenta tana taya Mama tsintar shinkafa, sai ga Yaya ta faɗo, mayafi a hannu, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Baba! Mama! Ku zo ku ji abin da kunnena ya jiyo yau!"

Baba ya ɗago daga kujerar da ciwon gwiwa ya zaunar da shi a kai tun bayan da ya bar aikin jirgin ƙasa. "Ke lafiya, kamar an koro ki?"

"Ina fa lafiya! Maƙwabcinmu ne akawun kamfanin robar da Dogo mijin Auta ke aiki. Matarsa ta tsegunta min albashin Dogo." Ta sassauta murya ta faɗi adadin.

Carbin Baba ya suɓuce ya faɗi ƙasa. "Maimaita!"

Ta maimaita.

"Innalillahi! Ni har na yi ritaya ban taɓa riƙe kashi ɗaya cikin goman wannan ba! Amma da shi na gina gidan nan, na kai ku makaranta, ba wanda ya taɓa kwana da yunwa!"

Mama ta juyo ta ƙare wa Auta kallo, daga ƙashin wuyanta zuwa koɗaɗɗiyar rigar jikinta, sai ta dafe ƙirji.

"Mama, wallahi yana iya ƙoƙarinsa," in ji Auta. "Ana ƙara masa albashi, amma kafin ƙarin ya iso hannu kaya sun riga sun..."

"Rufe min baki, sakarya!" Yaya ta katse ta. "Namiji da wannan uban kuɗi, a ce ɗaki ɗaya kuke haya, nama sai ranar albashi? Babur ɗinsa ma ina yake?"

"Yana wajen gyara."

"Tun yaushe? To ki buɗe idonki, akwai ramin da kuɗin nan ke faɗawa — ko wata a waje, ko caca!"

Baba ya buga sanda a ƙasa. "Ba inda za ki koma. Ya zo ya same ni."

Auta ta shige tsohon ɗakinta ta fashe da kuka. Dogo fa! Mutumin da ita ta zaɓe shi da bakinta, wanda har yau in ta zuba abinci sai ya turo mata yankan da ya fi girma ya ce shi ya ci a wajen aiki. Amma maganar Yaya ta shige ta kamar ƙaya. Ashe a ina yake ci ɗin? Kuma me ya sa kwanan nan yake dawowa a makare, ya zube ko hira ba ya iyawa?

Da yamma Dogo ya zo da kayan aikinsa a jiki, ya durƙusa gaban Baba.

"Baba, wallahi ba inda nake kai ko ƙwandala. Rayuwar ce ta yi tsada."

"Tsada? Mu a sama muka yi tamu rayuwar? Ranar albashi ka kawo min shi cur. Ni zan shiga kasuwa da ƙafata in koya maka riƙon gida. In kuɗin ya isa har ya yi saura, to ka san ba ka da mata a gidan nan!"

Dogo ya ɗaga ido wajen tagar ɗakin Auta. Ta saki labule. Ya juyo ya ce, "To, Baba."

Ranar albashi ya zo ya nuna alat ɗin banki a wayarsa, ya miƙa kuɗin. Baba ya cusa su a aljihu yana murmushin mai nasara. Rabonsa da kasuwa tun kafin gwiwar ta kama shi, don babban ɗansa ne ke aiko da kayan abinci a mota duk wata. Suka fita su uku, Auta na biye ba ta ko kallon mijinta.

Wajen mai gidan haya aka fara. Da mutumin ya faɗi kuɗin wata, Baba ya yi sororo.

"Malam, haya na tambaya, ban ce ka sayar min da ɗakin ba!"

"Hayar ke nan, Baba. Kuma sabuwar shekara akwai ƙari."

Aka sayi katin wuta, aka cika gas, aka biya ruwa. Tudun aljihun Baba ya faɗa fiye da rabi, murmushin ma ya tafi. Suka shiga layin masu kayan abinci, ya nuna shinkafa da sanda.

"Nawa?"

Mai kanti ya faɗa.

"Buhun?"

"Kwanon dai, Baba."

"Kwano?! Kai yaro, da irin kuɗin nan na sayi ƙofofin gidana duka!"

Mai kanti ya yi dariya. "Ai yanzu ko makulli ba za su saya ba."

Baba ya ja ƙafa zuwa kanti na gaba, ya tarar can ma har ya ɗara. Ya tambayi mai, ya tambayi sabulu, ya tambayi madara, kowane farashi ya ji sai ya yi salati. Ya ɗauki ƙwai ya mayar. Ya ce a auna sukari, ya ce a rage, ya sake cewa a rage. Ko layin nama ba su kai ba ya laluba aljihu ya ji 'yan canji kawai. Gumi ya jiƙa masa hula.

"To kai da me kake shan mai a babur har wata ya ƙare?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Na sayar da shi, Baba, lokacin da aka kwantar da Auta a asibiti. Ban so ta sani ba, kada ta ɗora wa kanta laifi. A ƙafa nake zuwa, a ƙafa nake dawowa."

"Abincin rana fa?" Auta ce ta tambaya.

Ya kawar da kai gefe.

Sai a lokacin ta kalli ƙafarsa. Takalmin ya cinye ta gefe, an ɗinke shi an sake ɗinkewa. Ledar hannunta ta faɗi. A tsakiyar kasuwa, mutane na kallo, ta riƙe hannun rigarsa tana kuka.

"Ka yafe min! Na zarge ka, wallahi na zarge ka!"

"Haba, daina kuka mana, ana kallonmu," ya ce, shi ma idonsa ya kaɗa.

Baba ya zube a kan bencin mai kanti. Can ya nisa. "Ashe ina zaune a kujera duniya ta tashi ta bar ni. Yarona, ni da na zo koya maka riƙon gida, ko sati biyu ban iya kai ku ba. Ka yafe wa tsoho."

Da suka koma gida, Yaya ta taro su a ƙofa tana washe baki. "Nawa ya yi saura?"

Baba ya zube mata canjin a tafin hannu. "Ga shi. Ki je ki yi wa matar da kika ce yana da ita a waje cefane."

Ta yi tsuru-tsuru, Mama kuwa ta shige ɗaki tana share hawaye.

A makon nan Baba ya sa aka buɗe ɗakunan baya da suka daɗe a rufe, aka yi musu fenti, ya ce Auta da Dogo su dawo ciki. Kuɗin haya ya koma tukunya, kuma kafin shekara ta zagayo Dogo ya sake hawa babur, Auta a bayansa ta yi ƙiba har Yaya na tsokanarta.

Haƙurin Dogo ne ya riƙe auren nan, don da ya biye wa zuciya ya mayar wa surukinsa magana, da an rabu a kan ƙarya. Baba kuwa, duk tsohon da ya zo masa da ƙorafin cewa yaran yanzu na ɗaukar kuɗi da yawa ba sa riƙe gida, sai ya girgiza kai ya ce, "Kada ka auna yau da mudun jiya. Kafin ka raba 'yarka da mijinta a kan albashi, fara shiga kasuwa tukuna."