Mita Goma Sha Bakwai Daga Katanga

An idar da sallar la'asar ke nan Abdulhafiz ya sauko daga motar danfo a Agege, jakar laftof rataye a kafaɗarsa. Aikin da ya kawo shi bai fi na minti biyar ba. Zai buɗe kwamfuta, ya duba lamba ɗaya, ya faɗa wa mai haƙa, ya wuce gida.

Alhaji Salissou, shugaban kwamitin maƙabartar unguwar, shi ya kira shi a waya. Wani maigadi ne ɗan Nijar, Harouna, ya rasu da hantsi a Oshodi. An yi masa sutura, 'yan'uwansa na tafe da shi a mota.

"Bon, ɗana, kafin magariba muke so ya kwanta," in ji Alhaji da Hausarsa ta Nijar. "Ka duba mana wuri a layin katanga."

Maƙabartar ta cika tun ba yau ba, fili kuwa a Legas ba a maganarsa. Sai dai a nemo kabarin da ya haura shekara ashirin, wanda ƙasa ta gama da mai shi, a sake buɗewa. A da Baba Idrissa ne ke wannan aiki. Shekara talatin da huɗu yana gadin wurin, kowane kabari yana cikin kansa. Da Abdulhafiz ya gama jami'a sai ya zo wa kwamiti da dabara. Ya sayi tef ɗin awo, ya bi layi-layi, tsohon na nunawa da sanda shi yana aunawa, ya zuba komai a fayil ɗaya: suna, shekara, da tazarar kabari daga kusurwar katanga. Dattawa suka sa masa albarka.

Daga baya jiki ya ƙi wa Baba Idrissa, ya koma gida Tawa a Nijar, can ya cika. Mako biyu da suka wuce kuma aka yi ruwan da ya kwana uku bai tsaya ba. Ambaliya ta kwashe ƙananan allunan gwangwani da ke kan kaburbura, ta baje tudun kowa, ta mai da tsohon littafin rajista kunu. Layin katanga ya koma shimfiɗaɗɗiyar laka, sumul. Kaburbura ashirin da biyu ne a ƙarƙashinta, ɗaya ne tak ya tsufa.

A wannan layin mahaifiyarsa, Umma Rahila, take. Mako bakwai ke nan. Ranar da aka sa ta hawaye bai bar shi ya ga komai ba. Baba Idrissa ne ya auna, ya faɗi lamba, shi Abdulhafiz ya shigar. Bai haddace ba. Ina amfanin haddacewa, tunda kwamfuta ba ta mantuwa?

Ya tarar da Hashimu, leburan da kwamiti ya ɗauka bayan ambaliya, zaune kan bulo a ƙofar ofis yana yagar burodi, shebur kwance kan cinyarsa.

"Oga kwamfuta! Faɗi lamba, shebur ya ƙosa."

"Abeg, ka gama burodinka tukuna. Minti biyu."

Ofishin ɗan ɗaki ne a bakin ƙofar maƙabarta. Tebur ɗaya, makara biyu jingine da bango, taga ɗaya ta baya mai kallon kaburbura. Warin kafur da danshi. Babu wuta, kamar kullum.

Ya zauna ya buɗe laftof.

Fuskar kwamfutar ta yi ja.

Rubutu ne da Turanci, manya-manyan baƙaƙe. An kulle duk fayilolinka. Mabuɗin yana hannunmu. Ka biya cikin kwana uku, ko ka rasa su har abada.

Ya danna fayil ɗin rajistar. Ta buɗe, amma babu suna ko ɗaya, sai tarkacen haruffa kamar kaji sun yi tonon shara. Hannunsa ya kai gefen laftof ɗin, inda filash ɗin da ke ɗauke da kwafin rajistar yake. A soke ya same shi. Watanni ke nan bai cire shi ba, don kada ya ɓata. Shi ma sun cinye shi.

Bai tsaya tambayar kansa daga ina ba, ya sani. Jiya ya sauko da wata manhajar zana taswira daga wani shafi da ke raba ta kyauta. So yake ya yi wa kwamiti taswira mai launi, ya ba su mamaki.

Ya yi abin da aka koya masa. Ya kashe intanet. Ya zare filash. Ya ɗauki hoton saƙon, ya shiga wayarsa yana neman ko akwai waɗanda suka taɓa karya irin wannan makulli suka saki mabuɗin. Akwai na wasu, da yawa ma. Banda wannan. Maganar biya kuwa ba ta taso ba. Ko da yana da abin biya, ɓarayin sun ba da kwana uku, gawa kuwa sa'a ɗaya ta ba shi.

Dabara ɗaya ta rage. Irin wannan cuta takan kwafi fayil ta kulle kwafin, sannan ta goge na asali. Abin da aka goge kuwa ba nan take yake barin faifan kwamfuta ba, sawunsa kan jima. Yana da manhajar tono irin waɗannan a wani ƙaramin filash da ke jikin makullan gidansu. Ya soka, ya sa ta aiki.

Kashi uku cikin ɗari. Huɗu.

Batir talatin da ɗaya.

Daga titi ana jiyo kwandastocin danfo suna kiran Iyana Ipaja, Iyana Ipaja. Jirgin ƙasa ya wuce, gilashin taga ya yi rawa. Iska ta kawo ƙamshin gidan burodin da ke bayan layin dogo. Rana ta yi ƙasa, hasken ɗakin ya koma ruwan toka.

Kashi ashirin da biyu. Batir sha tara.

Hashimu ya ƙwanƙwasa. "Oga, Alhaji ya kira. Sun wuce Ikeja."

"Ina zuwa."

Ya dafe kai da hannu biyu. Ya yi ƙoƙarin tuno ranar. Ya tsaya kusa da katanga, wannan ya sani. Akwai ɗan tafiya daga kusurwa. Taku goma? Ashirin da biyar? Abin da kawai yake iya gani shi ne ƙafafun mutane da jar ƙasa.

Da ya ɗago, rajistar tana buɗe a gabansa.

Tsaf, kamar ba a taɓa ta ba. Sunaye a jere, shekaru a jere. Layi ɗaya ma an haskaka shi da ruwan ɗorawa: tsohon kabari, shekara ashirin da shida, mita goma sha bakwai daga kusurwa.

"Alhamdu lillahi!" Ya miƙe har kujera ta faɗi. Ya buɗe ƙofa, ya miƙa tef. "Sha bakwai daga kusurwa. Yi sauri."

"Ka ga abin da ake cewa boko ke nan," in ji Hashimu. Ya saɓa shebur ya zagaya baya.

Abdulhafiz ya rufe ƙofa, ya ɗaga kujera, ya zauna yana dariya shi kaɗai. Ya ce bari ya duba lambar Umma, yau kam ya rubuta ta a takarda.

Ya gangara. Ga sunanta. Ga shekara.

Gurbin tazara babu komai.

Ya matso da fuskarsa. Sai ya lura da wani jeri a can gefen dama, wanda shi bai taɓa yi ba. Babu kan magana a samansa. A gaban kowane suna an rubuta kalma ɗaya ko biyu. Ya bushe. Ya bushe. Saura ƙashi. Da saura. Ya bushe.

Bai yarda idonsa ya kai gaban sunanta ba.

Ya janye rajistar gefe. Manhajar tono tana ƙarƙashi, tana ta aikinta. Kashi arba'in da ɗaya. Fayilolin da aka samo: sifili.

A lokacin ne ya ji shirun.

Babu danfo. Babu hon ɗin mota. Agege ce, da yamma, amma ko kukan akuya babu. Ƙamshin burodi ya tafi. Abin da ya cika ɗakin warin ƙasa ne, ɗanya, wadda aka juya yanzun nan.

Daga can baya, shebur ya fara. Caf. Caf.

Ya ɗora tafin hannu kan laftof ɗin. Sanyi ƙalau. Fankar cikinta ba ta juyawa. Ƙaramar fitilar batir a mace take.

Fuskar kuwa tana nan da haskenta.

Ya danna maɓallin kashewa, ya riƙe. Ba ta mutu ba.

"Ɗan boko."

Daga tagar da ke bayansa. Ƙasa-ƙasa, kusa da ƙeyarsa. Babu sallama. Muryar Baba Idrissa ce, har da ɗan shaƙewar nan ta mai cin goro. Mutum ɗaya ne a duniya yake kiransa haka, kuma yana kwance a Tawa.

Bai juya ba. A gilashin kwamfutar yana ganin inuwar taga. Wani abu ya tare ta, daga ƙasa har sama. Tagar kuwa ta fi tsayin mutum.

"Ka samu abinka?"

Caf. Caf.

"Wane ne?" in ji Abdulhafiz.

"Mun riga ku zama a nan." Muryar ta ɗan yi dariya, sai ta zame, ta zama ta mace, ta zama ta mutane da yawa. "An kulle maka, mun buɗe maka. Yanzu mu ma ana buɗe mana."

Ya zabura zuwa ƙofa. Bai sa sakata ba, amma ta ƙi motsi. Ya ja da hannu biyu. Makara ɗaya ta sulale daga jikin bango, a hankali, ta kwanta a ƙasa ba tare da ƙara ba.

Ya buɗe baki zai karanta Ayatul Kursiyyu. Harshensa ya yi nauyi kamar an cika bakin da laka.

Wani abu ya kama idon sawunsa. Yatsu ne. Dogaye, masu sanyi, jiƙaƙƙu.

"Zauna. Saura kaɗan."

Caf.

Caf.

Ƙwas.

Ƙarfe ya taɓa katako.

Numfashin da ke taga ya ƙaru, kamar na masu yunwa an sauke tukunya.

Sai lasifikar masallacin unguwa ta yi ƙara, ladan ya gyara murya. Allahu akbar.

Yatsun suka saki.

Ƙofar ta buɗe da shi, ya faɗi da fuska a laka. Bai san lokacin da ya tashi ba. Takalmi ɗaya ya tsaya a baya. Yana gudu yana zamewa.

"Hashimu! Tsaya! Kada ka ɗaga!"

Hashimu bai ɗaga ba. Yana tsaye cikin ramin, ƙasa ta kai masa ƙugu, shebur ya faɗi gefe. Ya toshe hanci da wuyan rigarsa, idonsa a ƙasa.

Warin ya tare Abdulhafiz tun saura taku biyar. Nan ya durƙushe. Bai iya ƙarasawa ba.

"Oga," in ji Hashimu, cikin raɗa. "Wannan ba tsohon kabari ba ne."

A gefen ramin, kewaye da shi, akwai sawu a laka. Ƙanana, masu dogayen yatsu, sun fi a ƙirga. Duk suna fuskantar ramin. Babu na zuwa, babu na komawa.

Hashimu ya fito da rarrafe. Shi ya mai da ƙasar farko, da sauri, bakinsa na motsi. Sai da katakon ya ɓace sannan Abdulhafiz ya matso, suka ƙarasa tare, ɗaya da shebur ɗaya da hannu.

Suna cikin haka motar gawa ta tsaya a ƙofa.

Ba a binne Harouna ranar ba. Ya kwana a zauren Alhaji Salissou tsakanin buhunan ƙanƙara, ƙannensa biyu zaune a kansa. Da safe aka kai shi wata maƙabarta can bayan gari. Babu wanda ya zagi Abdulhafiz. Babban ƙanen ya dube shi kawai, ya ce, "Allah ya ba mu haƙuri," ya shiga mota.

Laftof ɗin a mace aka same ta. Wani abokinsa mai gyara ya ciro faifan, ya kwana biyu yana tono. Ya samo hotuna, ya samo takardun makaranta. Rajista kam ko layi ɗaya. Kwamiti ya ja igiya ya rufe layin katanga, ba za a sake haƙa shi ba sai bayan shekara ashirin. Sababbin kaburbura yanzu a littattafai uku Abdulhafiz yake rubuta su, da biro, kowane littafi a gidan mutum daban. Ba ya kai la'asar a ofishin nan.

Ranar Juma'a yakan zo da safe, ya bi igiyar daga wannan kusurwa zuwa waccan yana addu'a, tunda bai san inda zai tsaya ba.

Akwai hanyar da zai san abu ɗaya. Ranar da aka binne Umma katakon kwamiti ya ƙare, kawunsa ya ɓalle tsohon ƙyauren ɗakinta aka faskara aka rufe ta da shi. Shuɗin fenti ne da shi. A duk maƙabartar babu mai irinsa.

Hashimu ya ga katakon da shebur ya taɓa. Tambaya ɗaya ce, kalma uku: wane launi ne?

Suna haɗuwa kowace Juma'a a bakin ƙofa. Su gaisa, su tambayi iyali. Abdulhafiz bai tambaya ba. Hashimu kuma, tun daga ranar, bai sake kallonsa cikin ido ba.