Tayar da Aka Ce Aljanu Sun Riƙe

Shekarar da abin ya faru ta kuɓuce mini, haka ma sunan malamin da aka ɗauko daga Darmanawa. Ga dai abin da ya saura a kaina.

Ƙasimu direba ne a Gyaɗi-Gyaɗi, yana dakon siminti da wata tsohuwar a-kori-kura. Sai birki ya soma yi masa iya shege. In ya taka, ƙafarsa ta nutse kamar ya taka katifa. In ya saki kuma, tayar baya ta hagu ta ƙi sakewa, mota na ja da ƙyar, ƙauri na tashi. Matarsa Huraira ta ce ya kai wa bakanike. Ya ce shi ya san motarsa, wannan ba ciwon ƙarfe ba ne, aljanu ne suka riƙe masa taya.

Ran nan, dab da magariba, ya dawo a fusace. Ya tsaya a bakin kwatar ƙofar gida, ya ɗebo garwashi, ya watsa barkono, ya ajiye a gindin tayar. Yana fifita yana zagin aljanu ta uwa ta uba.

Bai rufe baki ba dutse ya faɗo a kan kwanon rufin gidan. Gida ya yi tsit. Wani ya sake faɗowa. Can sai 'yarsa budurwa, Hafsat, ta saki tire a tsakar gida, ta kama tari da muryar wani tsoho.

Kwana da kwanaki ba ta ci, ba ta gane kowa. Rana na faɗuwa jifa zai dawo. Da malamin ya zo, ya zauna a gefen tabarma, ya daɗe yana karatu, kana ya ce, "Wane ne kai? Me yarinya ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba," in ji muryar. "Ubanta ne. Kwatar nan gidana ce tun ba a yi unguwar ba. Ya turnuƙe mini iyali da barkono, ya zage ni, ya yi mini ƙazafi. Ina ruwana da tayarsa?"

"Ƙarya kake, la'ananne," in ji Ƙasimu.

"Malam, tambaye shi abin da yake ɗurawa a tukunyar birki in mai ya ƙare."

Malam ya juya ya dubi Ƙasimu.

"Ruwan garin sabulu," in ji muryar. "A kanmu yake ɗiga."

Huraira ta juyo a hankali. "Baban Hafsat, a haka ka kwashe mu har Wudil biki, da yara a baya?"

"Kowa na yi a tasha," ya ce, bai dube ta ba.

Aljanin ya nemi a yanka masa baƙin rago. Malam ya ce ko ɗan tsako ba zai gani ba.

"To ya fita inda ya zage ni, ya faɗa da bakinsa cewa shi ya kashe birkinsa. In ba haka ba, ina nan daram."

Ƙofar gida kuwa cike take da maƙwabta, waɗanda ya bi ɗaya bayan ɗaya yana gaya musu aljanu sun sa masa mota a gaba. Ƙasimu ya dubi 'yarsa, yadda wuyanta ya zube. Ya sa takalmi ya fita. Ya tsaya a bakin kwata, haƙora a cije, ya faɗa.

"Ban ji ba," in ji muryar daga ɗaki.

Ya maimaita da ƙarfi, har na bakin titi suka ji. Hafsat ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce, "Umma, ruwa."

Daga baya na bi ta garejin Markus a Tarauni, wanda ya gyara motar, na tambaye shi. Ya ce tsatsa ta kama fistin da ke tura birkin tayar baya, sai da guduma ya fita, kuma da ya kwance bututun birki, kumfa ce ta fito.