Layi Na Goma

Da hantsi aka kira ofishin 'yan sanda daga asibiti. Wata tela aka kawo, ta yi kwanaki tana amai, ta cika kafin a gama ɗaura mata ruwa. Likita ya ce mutuwar ba ta kwanta masa ba.

Sufeto ya tarar da mahaifiyar zaune a bakin gado, riƙe da takalman 'yarta. Ba ta kuka.

"Mama, akwai maganin da take sha?"

"Na rage ƙiba. Ba sha ake yi ba, allura ce. Ita da ƙanwarta suka sayo ta waya."

"Ita take yi wa kanta?"

"Wa? Wannan? Allurar ɗinki kawai ta sani. Ta likita ko daga nesa ta hango sai ta rufe ido."

Likita ya ɗaga hannun gawar, ya nuna masa wurin da allura ta shiga a bayan damtse.

A gida, ƙanwar, wadda suke kira Auta, ta buɗe masa firji. 'Yar ƙaramar kwalba ce a bayan madara, saura kaɗan a gindinta.

"Gari ne yake zuwa," in ji ta. "Sai a zuƙo ruwan haɗi a zuba a hankali, a jujjuya, ba a girgizawa. In ya narke a ja da sirinji zuwa layi na goma. Yaya ce take yin abinta, ni kallo nake."

"Har a bayan damtse? Hannun roba gare ta?"

Auta ta rufe firjin. Sufeto ya tona kwandon shara da biro, ya ɗago wani sirinji mai kauri a cikin ledar kemis ɗin bakin titi.

Mai kemis ya ce bai san su ba. Sufeto ya ajiye masa ledar a kan kantar shagon.

"To, ƙaramar ta zo, yallaɓai. Siririn nan na masu ciwon suga take saye, ranar ya ƙare. Ta ce in ba ta duk wanda ke akwai."

"Ka gaya mata ba ɗaya ba ne?"

"Ba ta tambaya ba."

A ofis, Sufeto ya jera wa Auta sirinji biyu, siriri da mai kauri, da kofin ruwa.

"Ja min zuwa layi na goma. Kowanne."

Ta ja, tana ƙirgawa da farce.

"Matsa a kan tebur."

Siririn ya zubo ɗan abin da bai kai hawaye biyu ba. Mai kaurin ya yi ta zuba, ruwan ya gangara ya jiƙa mata cinya. Ba ta goge ba.

"Ni na yi mata," ta ce. "Na ƙirga layin daidai, wallahi. Ta ce, Auta, yau allurar ta daɗe. Na yi mata dariya, na ce raguwa."

"Da ta fara amai fa?"

"Na duba kwalbar. Ta wata da watanni ce, na ga ta kusa ƙarewa. A nan na gane."

"Likita ya tambaye ki ko ta sha wani abu?"

"Ya tambaya. Na ce abinci ne ya ɓata mata ciki."

Sufeto ya rubuta, ya miƙa mata biro ta sa hannu. Ya ce a je a zo da mai kemis shi ma.

'Yar sanda ta kama hannunta suka fito. Mahaifiyar tana kan benci a baranda. Ta dubi ƙafar Auta, silifas ɗin wanka ne, ɗaya ya tsinke. Ta sunkuya ta ajiye mata takalman da take riƙe da su tun safe.

"Sa waɗannan," ta ce. "Ƙafarku ɗaya."

Auta ta sa. Suka wuce da ita.